Yaya zan kai intanet daga ofis zuwa sito da gida ba tare da na ja waya ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin injin gyaran shinkafa a bayan garin Argungu. Na sa Starlink a ofis, yana aiki lafiya. Sitona yana tsallaken titi, kimanin mita 600 daga ofis. Ina son in sa kyamarori 8 a can in riƙa gani daga ofis, yaran sito kuma su samu intanet na POS da kwamfutar lissafin buhuna. Gidana yana cikin gari, wajen kilomita 2 da rabi, can ma ina so. Wani ya ce in sayi abin ƙara ƙarfin Wi-Fi, wani ya ce a ja waya, wani ya ce in ƙara sayen Starlink. Wanne zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara wa kasuwa albarka.

A cikin shawarwarin nan uku babu wadda zan ce ka bi. Ɗan akwatin nan da ake sokawa a soket don ƙara ƙarfin Wi-Fi, na cikin gida ne, daga falo zuwa ɗakin baya. Ko mita 50 ba zai kai maka da kyau ba idan akwai bango da rufin kwano a tsakani, kuma da bakin da yake karɓar sigina, da shi kuma yake mayar da ita, don haka gudun intanet ɗin yakan ragu da kusan rabi. Wayar kwamfuta, Cat5e ko Cat6, iyakarta mita 100, daga nan sai an sa mata suwic mai wuta a hanya, ɗan akwatin da ke karɓar sigina ya miƙa ta gaba. Mita 600 ke nan suwic biyar a fili, kowane da buƙatar wutarsa, ga titi da za a tsallaka, ga tsawa da ke bin jan ƙarfe kamar ta san hanya. Starlink na biyu kuwa zai yi aiki, babu musu, amma kuɗin wata ne ka ɗora wa kanka har illa masha Allah, sannan hoton kyamarar da ke mita 600 da kai sai ya hau sama ya zagayo ta intanet kafin ya sauko ofishinka. Ranar da intanet ya yanke, ka daina ganin siton da kake hange ta taga.

Da a ce fili ɗaya ne naka, ba titin gwamnati a tsakani, da na ce a tona rami a binne wayar fayiba a cikin bututu. Gilashi ce a ciki, tsawa ba ta binta, tana kai kilomitoci, kuma idan an binne ta da kyau an gama magana. Amma tunda sai an fasa kwalta ko an rataya ta tireloli su tsinka, abin da ya dace da kai shi ne wanda mu masu aikin muke kira rediyo.

Na'ura ce ƙarama ta waje, wata kamar ƙaramin allo, wata kamar farantin dish. Biyu ake saye. Ɗaya a ɗaure ta a saman ofis, ɗaya a saman sito, su kalli juna ido da ido. Bambancinta da rautar cikin gida, akwatin nan mai raba Wi-Fi, shi ne ita rauta tana watsa siginarta ko'ina kamar fitilar ƙwai a tsakar ɗaki, ita kuwa rediyo tana tattara tata wuri ɗaya kamar tocilan. Idan biyun suka kama juna sai su zama gada: duk abin da aka jona a sito, kwamfuta ko kyamara, zai ɗauka waya ce ta haɗa shi da rautar ofis. Gadar ba ta haifar da intanet, ba ta ƙara masa gudu, ba ta cin data, ba a biya mata kuɗin wata. Abin da ke wancan gefe kawai take tsallakowa da shi. Ko Starlink ya tsaya, kyamarorinka za su ci gaba da zuwa ofis, don tsakanin gine-ginenka ne kawai zancen yake.

To amma kada ka sayi komai tukuna. Aikin nan a kan rufi ake yanke hukuncinsa, ba a shago ba.

Ka sa a kawo tsani, wani ya hau inda za a ɗaura rediyon a ofis, wani ya hau na sito. Su ga juna da idonsu. Idan da rana ne, ɗaya ya riƙe madubi ya haska wa ɗayan rana. Idan da dare ne, tocila mai ƙarfi ta isa. Na fi son dare ma, don haske ba ya ƙarya, idan reshe ya gitta za ka ga yana ƙyaftawa. Akwai manhajoji da ke taimakawa, Google Earth yana nuna tudu da kwarin da ke tsakanin wurare biyu, kamfanin Ubiquiti ma yana da shafin da ake zana hanyar a gani. Ina amfani da su, amma ba su san dogon yaron da aka dasa shekara 6 da suka wuce ba, ba su san benen da maƙwabci ya fara ɗorawa ba. Gani ya kori ji.

Ganin juna kuma shi kaɗai bai wadatar ba, nan ne yawancin masu koyo suke faɗuwa. Siginar rediyo ba ta tafiya kamar zare. Tana fita siririya daga bakin rediyo, ta kumbura a tsakiyar hanya, ta sake tsukewa a ɗaya bakin, kamar siffar kwalekwalen Kabawa idan ka dube shi daga sama. Sunan wani masanin Faransa, Fresnel, aka sa wa wannan kumburi. Ƙa'idar aiki ita ce aƙalla kashi 60 cikin 100 na kumburin ya kasance babu abin da ya shiga cikinsa. A zangon sigina na 5.8 GHz, wanda rediyon da zan ba ka shawara ke aiki a kansa, tazarar mita 600 tana ba da kumburin kusan mita 2.8 daga tsakiyar layi zuwa gefe, don haka kana buƙatar sarari na kusan mita 1.7 a ƙarƙashin layin da idonka ya bi. Yanzu ka lissafa da titinka. Tirelar da aka yi wa lodin shanshera takan kai mita 4 da rabi, wani lokaci ta wuce, don direbobinmu ba su san buhu ya isa ba. Idan titin yana kusa da tsakiyar hanya, mita 4.5 da 1.7 sun zama 6.2. Ni sai in ce a ɗaura kowace rediyo mita 7 ko 8 daga ƙasa, a huta. In ba haka ba za ka samu irin matsalar nan mai sa mutum ya fara zargin aljanu: komai lafiya, amma duk lokacin da babbar mota ta tsaya lodi sai hoto ya daskare.

Bishiya ta fi tirela haɗari, don ita ba ta wucewa. Ganye cike yake da ruwa, ruwa kuma yana shanye wannan sigina. Na taɓa ɗaura wa wata makaranta gada a watan Fabrairu, layin ya bi ta tsakanin rassan wata kuka. Kuka a rani tsirara take, ba ganye ko ɗaya, na hango ɗaya ginin sarai, sigina ta yi kyau, aka biya ni na tafi. Ruwa yana sauka a watan Yuni kuka ta yi ganye shar, gada ta mutu. Shugaban makarantar ya kira ni yana cewa damina ta lalata na'ura. Na'ura lafiyarta ƙalau, ni ne ban duba bishiyar da idon damina ba. Da kuɗina na ƙara tsawon ƙarfen. Tun daga ranar nake tambayar kowace bishiya sunanta kafin in wuce ta kusa da ita. Kuka tana yaudara a rani. Gawo kuwa akasin haka yake, da damina yake zubar da ganye, da rani ya tofo, don haka wanda ya yi aiki a watan Agusta gawo ne zai ci amanarsa a Disamba. Dogon yaro da mangwaro ba sa ɓoye halinsu, amma suna girma. Sararin da ka bari bana, baɗi waccan sun cike shi. Kuma ba kowace bishiya ake sarewa ba, wata inuwar mutane ce, wata ta gonar wani ce. Ɗaga ƙarfe ya fi rigima da maƙwabci sauƙi.

Abu biyu kuma da suka shafi wurinku musamman. Rufin kwano na sito faffaɗa ne, yana mayar da sigina kamar madubi, sai wadda ta dawo ta yi karo da wadda ta zo kai tsaye su raunana juna. Kada a dasa rediyo a tsakiyar rufi ko a bayan doronsa. A sa ta a bakin ginin da ke fuskantar ofis, ta ɗara kwanon da mita ɗaya ko biyu. Haka shimfiɗaɗɗen ruwa yake yi. Idan layinka ya bi ta kan fadama, lokacin da gulbi ya cika ya malale gonakin shinkafa za ka iya ganin sigina tana hawa tana sauka ba dalili. Maganinsa sau da yawa ɗan matsar da rediyo ɗaya sama ko ƙasa ne, rabin mita ko mita, har a samu inda ta natsu. Idan kana da tankin ruwa na sama mai ƙafafun ƙarfe, ka riga ka samu hasumiya kyauta.

Idan hanya ta tabbata, sai zancen wace rediyo.

Zango uku ne a kasuwa. Na 2.4 GHz ka bar shi. Tashoshi uku ne kacal a cikinsa da ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, kuma kowace wayar hannu da aka kunna mata hotspot a garejin mota da kowace MiFi a nan suke cunkushe. Kumburinsa ma ya fi girma, sai ka ƙara tsawon ƙarfe. Na 60 GHz yana da daɗi ƙwarai, gudunsa kamar na waya, har gigabit, kuma ba mai damunsa. Kamfanin MikroTik suna da wasu guda biyu da suke sayarwa a haɗe, Wireless Wire, an riga an saita su, amma ƙaramar ta mita 200 ce ko kusa da haka, mai farantin ce ke wuce kilomita. Matsalarsa iskar da muke shaƙa ma tana cinye shi, ruwan sama mai ƙarfi kuma yana iya yanke shi, ga shi siriri ne ƙwarai, ƙarfe ya ɗan karkata an rasa juna. Irin ruwan Agusta da ake yi kamar da bakin ƙwarya, ban so kyamarar sito ta dogara da shi kaɗai ba. Na 5 GHz shi ne naka. Ruwan sama ba ya yi masa wani abin kirki a tazara irin wannan. Hazo ma haka, ko da yake mutane sun yi imani ƙurar hunturu tana kashe sigina. Abin da hazo ke kashewa farantin sola ne da ba a goge ba, batir ya ƙi cika, rediyo ta mutu da asuba, a ce hazo ne.

Na mita 600, ƙananan sun isa. NanoStation 5AC Loco ta Ubiquiti, ko SXT ta MikroTik, ko CPE510 ta TP-Link, duk za su kai. Sai dai ka lura da abu ɗaya da ba a rubutawa da manyan baƙaƙe a kwali. CPE510 an rubuta mata megabit 300, amma ramin da ake soka mata waya na megabit 100 ne, don haka ba za ta taɓa wuce ɗari ba komai kyan sigina. Lambar da ke kan kwali dama ba ita ce ke isa hannunka ba, ka ɗauki rabinta ko ƙasa da haka. Ni a wurinka LiteBeam 5AC zan sa, ko CPE710. Dukansu masu faranti ne, ƙarfin eriyarsu 23 dBi, raminsu na gigabit. Ba don nisa nake son su ba, don kunnensu a tsuke yake, ba sa jin hayaniyar gefe. Kuma iri ɗaya za ka saya a gefe biyu. Kowane kamfani yana da yarensa na musamman da rediyoyinsa ke yi da juna, Ubiquiti suna da airMAX, TP-Link suna da MAXtream, ba sa jin na juna. Idan na hannu za ka saya daga waje, ka duba kada ta zama wadda aka ƙera don kasuwar Amurka, waɗannan a kulle suke, ba sa yarda a canza musu ƙasa.

Lissafin kyamara ba shi da wuya. Kyamara mai megafiksel 2 takan ci megabit 2 zuwa 4 a daƙiƙa, guda 8 ke nan ba za su wuce 32 ba, idan kuma aka saita su a tsarin matse hoto na H.265 sai su ragu sosai. POS da kwamfutar lissafi ba a ma sa su a lissafi. Gadar za ta ɗauki wannan tana hamma. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce ina za a ajiye akwatin naɗar hoton, NVR. Masu sa kyamara sun fi son su ajiye shi a sito don ya fi musu sauƙi. Ni ban yarda ba. Ɓarawon da ya san abin da yake yi akwatin yake fara ɗauka, ka wayi gari ba shinkafa ba hoto. A ajiye shi a ofis, hoto ya riƙa tsallakowa ta gada. Sannan a sa ƙaramin katin memori a cikin kyamarar ƙofa da ta wajen sikeli, don ko gada ta yanke su ci gaba da naɗa da kansu.

Ka sani kuma rediyon da ke saman sito ba za ta ba yaranka Wi-Fi ba. Ofis take kallo, da 'yar'uwarta kaɗai take magana. Wayarta za ta sauko cikin sito ta shiga suwic, daga suwic a raba wa kyamarori, a jona wata na'urar raba Wi-Fi ta cikin gida. A wannan na'urar ka sa a raba suna biyu, na aiki da na sauran jama'a, a ƙayyade wa na jama'a gudu. In ba haka ba, kalmar sirri tana fita bakin mutum ɗaya, zuwa la'asar duk masu dako da direbobin da ke jiran lodi suna kan TikTok, POS ya tsaya yana juyi.

Gidanka wani aikin ne daban, da nasa rediyoyin biyu. Ana iya sa rediyo ɗaya mai faɗin baki a ofis ta ciyar da wurare biyu idan suna ɓangare ɗaya, amma da wuya sito da gida su zo a layi guda, kuma ban son kallon bidiyon yara a gida ya riƙa takara da kyamarar sito. A kilomita 2 da rabi kumburin ya kai kusan mita 5.7, sararin da ake buƙata kusan mita 3.4 a saman duk abin da ya fi tsayi a tsakiyar hanya. Cikin gari kuwa akwai benaye, akwai hasumiyar masallaci, akwai dogon yaro a kowane layi. Idan bishiyar tsakiya mita 10 ce, kana zancen ƙarfe mai mita 13 ko 14 a kowane gefe, wannan kuwa ya wuce bututun ruwa da aka ɗaure da waya, sai hasumiya ta gaske mai gindin kankare da wayoyin ɗauri. Nan sai ka zauna ka yi lissafi. Wani lokaci akwai ɗan'uwa mai bene a tsakani da ke hango wuraren biyu, a sa rediyo biyu a kansa baya da baya su miƙa wa juna. Wani lokaci kuma kuɗin hasumiya biyu ya fi kuɗin rautar 4G ta shekara da shekaru, sai in ce wa mai aiki gaskiya a bar gidan. Nisa ba shi ne matsala ba, LiteBeam tana cin kilomita 2 da rabi ba tare da ta ji ba. Tsayi ne mai tsada.

Yanzu abin da ke kashe rediyo a ƙasarmu. A cikin waɗanda na sauke matattu, da wuya ka samu wadda tsufa ya kashe.

Na farko tsawa. Ba sai aradu ta faɗo kan ƙarfenka ba. Ta faɗi a unguwa ma ya isa ta turo wuta cikin doguwar wayar da ta sauko daga rufi, ta ƙona rediyo, ta bi ta ƙona suwic, in an yi rashin sa'a har rautar Starlink. Don haka wayar da za ta hau sama ta zama ta waje, baƙa, mai rigar ƙarfe a ciki da siririyar wayar at mai kai wuta ƙasa, a matse mata kai na ƙarfe ba na roba ba. A sa abin tare tsawa na wayar kwamfuta guda biyu, ɗaya kusa da rediyo, ɗaya inda waya za ta shiga gini, irin ETH-SP na Ubiquiti. Kuma su ɗin banza ne idan ba a haɗa su da sandar at da aka kafa a ƙasa ba. Ƙasarmu yashi ce, da rani ta bushe ƙayau, sandar da aka buga taƙi biyu ado ce kawai. A tona har a tarar da danshi, kusa da magudanar ruwa in da hali, shi kansa ƙarfen a haɗa shi da ita. Rediyo kuma kada ta zama ita ce ƙololuwa, a bar tsinin ƙarfe ya ɗara ta. Duk da haka, idan aradu ta sauka kai tsaye babu abin da ke tsira, sai dai a ce Allah ya kiyaye.

Na biyu waya ta bogi. Kasuwa cike take da wadda aka rubuta wa Cat6 amma cikinta alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe. Ka kankare silin ɗaya da wuƙa, idan fari ya bayyana a ciki ka mayar musu. Rediyo ta wayar nan take samun wutarta, abin da ake kira PoE, alminiyom kuma yana zubar da wuta a hanya, sai ka ga rediyo tana mutuwa tana tashi da kanta da tsakar rana. Farar waya ta cikin ɗaki kuma, rana ta Afrilu da ke wuce digiri 40 a Kebbi za ta gasa ta, ta farfashe, ruwan farko ya shiga ya gangaro ta cikinta har cikin suwic. Araha ba ta ado. Kafin waya ta shiga bango a lanƙwasa ta ƙasa kaɗan ta sake hawa, don ruwa ya ɗiga a waje. Ita rediyon kanta tana jure zafi, yawancinsu an ƙera su su kai digiri 70. Ɗan baƙin akwatin PoE ne ba ya jurewa, na cikin ɗaki ne, kada a cusa shi ƙarƙashin kwano inda buntu da ƙura za su lulluɓe shi. Ka kula kuma, yawancin waɗannan rediyoyi bolt 24 suke ci, kyamarori kuwa PoE ɗinsu na bolt 48 ne. Kowa da nasa, kada yaro ya musanya su.

Na uku wuta, kuma a wurin mai inji wannan ya fi ko'ina. Duk lokacin da babbar motar injin casa ta tashi, wuta takan faɗi ta dawo da ƙarfi, haka idan ana sauyawa daga wutar Kaduna Electric zuwa janareta. Kayan intanet ba sa son wannan fizga. A ware musu nasu ƙaramin inbata da batir da sola, a gefe biyun. Ba su da ci: rediyo watt 7 zuwa 10, na'urar Wi-Fi kusan haka, kyamara watt 5 zuwa 7, ta ɗan ƙara da dare idan fitilunta na gani a duhu sun kama. Sitonka gaba ɗaya wajen watt 70 zuwa 80 ne. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da watt-awa 2,400, rabi ake ci idan ana son ya yi ƙarko, wato 1,200, zai kai ka awa 15 ko kusa, dare guda ke nan da ɗan saura. A ofis Starlink ne mai cin, watt 50 zuwa 100 gwargwadon samfurinsa. Wanda ya sa kyamara a kan wutar da ke ɗaukewa da dare, ya sa wa ɓarawo agogo ne.

Sai iska. Guguwar farkon damina da ke yaye rufin mutane a Mayu da Yuni ba za ta bar siririn bututu mai mita 8 a tsaye ba. Ƙarfe mai kauri, wayoyin ɗauri uku, kusoshi a ɗaure tamau. Farantin 23 dBi ba ya yafe karkata mai yawa.

Saitin ba shi da tsawo, amma a yi shi a ƙasa, kan tebur, rediyoyin biyu suna ɗaki ɗaya, kafin kowa ya hau tsani. Ta ofis ita ce uwa, ta sito 'ya. Duka a sa su a matsayin gada, kada ɗaya ta zama rauta. Rauta ɗaya ce tak za ta riƙa raba wa na'urori adireshi a haɗin gaba ɗaya. Idan aka samu biyu, NVR zai nemi kyamarori ya rasa alhali suna nan. Kowace rediyo a ba ta adireshinta na dindindin a rubuta, don sababbin Ubiquiti duk da 192.168.1.20 suke zuwa, na TP-Link da 192.168.0.254, idan ba a canza ba sai su yi karo. A kunna makullin sirri na WPA2, a canza kalmar sirrin da suka zo da ita daga kamfani. Ka duba rautar Starlink ɗinka ma: ta ƙarni na biyu ba ta da ramin waya sai an sayi adafta daban, ta uku tana da shi a baya. Faɗin tasha a bar shi 20 ko 40 MHz. Masu son burgewa suna buɗe shi 80 don lamba ta yi girma a allo, amma faɗin ƙofa faɗin shigowar hayaniya ne, kai kuma megabit 40 kake nema.

Wajen daidaitawa mutum biyu ne, kowa a kan ƙarfensa, waya a kunne. Ɗaya ya tsaya cak, ɗaya ya juya farantinsa a hankali dama da hagu, sannan sama da ƙasa, yana karanta lamba, sai su yi musanya. Lambar da alamar ragi take zuwa, ƙaramar ita ce mai ƙarfi: -55 ta fi -70. Tsakanin -50 da -60 ake nema. Kada ya tsaya a inda ya fara samun sigina, faranti yana da ƙananan kunnuwa a gefe da ke yaudara, ya wuce ya dawo har ya tabbatar da ƙololuwa. A mita 600 matsalarka ma za ta zama ƙarfi ya yi yawa. Idan ka ga -40 ko -35, rediyoyin ihu suke yi wa juna a kunne, gudu yakan lalace. A rage musu murya har lamba ta sauko wajen -50. Da yawa suna ƙure ƙarfin suna ganin gwaninta ce.

Game da hukuma, NCC ce ke kula da zangunan rediyo na sadarwa a Najeriya, kuma ba duk 5 GHz aka sakar wa kowa ba, akwai yanki a tsakiyarsa da sai da lasisi. Mai saitin ya zaɓi Najeriya a matsayin ƙasa, ya zauna a ɓangaren 5.8. Haɗa gine-ginenka don aikinka daban, sayar wa maƙwabta intanet daban. Ranar da ka fara karɓar kuɗin wata a hannun mutane ka shiga harkar da ke buƙatar lasisi, kuma ka saɓa sharaɗin Starlink na gida.

Ranar da mai aikin zai miƙa maka, kada ka cika masa kuɗi sai ya ba ka takarda mai ɗauke da adireshin kowace na'ura da kalmar sirrinta, da hoton allon da ke nuna ƙarfin sigina a ranar. Wannan hoton shi ne shaidarka. Bayan wata shida idan abu ya canza, da shi za a gane ko ƙarfe ne ya karkata ko reshe ne ya tofo. Na sha zuwa gyara in tarar wanda ya yi aikin farko ya koma Legas da kalmar sirri a kansa, sai an hau an goge komai an faro daga farko. Ka sayi akwatin PoE ɗaya na ajiya ka jefa a durowa, shi ne ke fara mutuwa, kuma ba lallai ka same shi a Argungu ranar da kake nema ba.

Ka sa yaro ya hau tankin ofis gobe da safe kafin rana ta yi zafi, ya ɗauko hoto yana fuskantar sito, wani kuma yana fuskantar gida, ya faɗa min bishiyoyin da ya gani a tsakani da sunayensu. Daga nan zan gaya maka tsawon ƙarfen da za a yanka, ranka ya daɗe.